Me Ke Sa Tsohuwar Motar Kaya Shaƙewa Idan An Taka Totur?

Daga watan Janairu zuwa Maris, lokacin da tumatir da albasa da tattasai ke nuna a gonakin noman rani na Bakolori, babu abin da manomi ke buƙata irin mota. Madatsar ruwan Bakolori, wadda kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya kammala ginawa a kan Kogin Sakkwato a shekarar 1978, an tsara ta ne don ta riƙe ruwa kimanin mita-kubik miliyan 450, ta shayar da gonaki a yankunan Talata Mafara da Bakura da Maradun. To amma ruwa iyakarsa gona. Daga bakin gona zuwa kasuwar Talata Mafara, ko Gusau, ko Sakkwato, ko can kudancin ƙasar nan, aikin mota ne. Da yawa daga cikin motocin da ke wannan jigila kuwa sun girmi direbobinsu. Akwai akori-kura samfurin Peugeot 504, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975, akwai kuma gingimari mai bodin katako samfurin Mercedes-Benz 911, wadda aka harhaɗa irinta a Inugu daga farkon shekarun 1980.

Akwai wani kuka da masu irin waɗannan motoci suka cika kaiwa gareji. Mota tana tashi lafiya, tana kuma aiki lafiya in tana tsaye, amma da zarar direba ya taka totur sai ta yi kamar an shaƙe mata wuya, ta yi inda-inda, sa'an nan ta fizga. Wata kuma ba ta shaƙewa, sai dai ba ta da ja: a yi mata lodi, ta kama hawa, ta riƙa jan ƙafa kamar tsohon jaki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kwandon tumatir da ya wuni cikin rana a gefen hanya ya zama asara. Motar da ta ɗauke numfashi daidai lokacin da direba ya fito zai wuce tirela a kan hanyar Gusau zuwa Sakkwato tana iya jawo asarar rayuka. Ga kuma matsalar 'yan bindiga da ta addabi Jihar Zamfara a shekarun nan, wadda ta sa babu direban da ke son magariba ta riske shi a daji da marfin inji a buɗe.

Abin da aka saba gani a gareji shi ne canki-canki. A canza fulogi, ba ta daina ba. A canza koyil, ba ta daina ba. A kwance kafireta, a wanke, a mayar. Kafin a dace da cutar, kuɗin lodi uku sun tafi. Alhali kuwa yadda mota ke shaƙewa, da lokacin da take shaƙewar, su da kansu suna nuna inda ciwon yake, muddin mutum ya san abin da ke faruwa a cikin injin. Ilmin da ake buƙata bai wuce wanda ɗalibin sakandare ke koya a darasin fiziks da kemistiri ba.

Abin da inji ke ci

Injin fetur na irin waɗannan motoci yana bin tsarin bugu huɗu da Bajamushe Nikolaus Otto ya kammala a 1876. Fistin ya sauka ya zuƙo iska gauraye da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ƙyasta wuta ta tura fistin ƙasa da ƙarfi, sa'an nan ya sake hawa ya kore hayaƙi. Bugu ɗaya ne kawai cikin huɗun ke ba da ƙarfi. Domin wannan bugun ya yi kyau, tilas abubuwa huɗu su cika: iska isasshiya, mai daidai gwargwado, wuta mai ƙarfi a kan kari, da matsi wanda ba ya zurarewa.

Mutane suna ɗauka mai ne abincin mota, amma a gaskiya iska ta fi yawa nesa ba kusa ba. Kafin kilo 1 na fetur ya ƙone sarai, sai ya sami iska kilo 14.7. Lita 1 ta fetur nauyinta kimanin kilo 0.74 ne, wato tana buƙatar iska kusan kilo 11. Da yake mita-kubik ɗaya na iska bai wuce kilo 1.2 ba, wannan ya kama kimanin lita 9,000 ta iska, wato cikin duro 45 mai cin lita 200, duk don lita ɗaya tak ta fetur. Idan mai ya yi yawa a kan iska, ƙonewa ba ta cika, sai baƙin hayaƙi. Duk wanda ya taɓa toshe ramukan iska na fitilar ƙwai ya ga yadda harshen wuta ke yin ja, ƙwan ya yi baƙi. Idan kuma iska ce ta yi yawa a kan mai, wutar takan yi rauni ko ta ƙi kamawa, kuma wannan ne asalin yawancin shaƙewa.

Kafin a ɗauki sifana

Bakaniken kirki yakan fara da tambaya ne. Shaƙewar a daidai lokacin da aka taka totur take zuwa ta wuce, ko sai an daɗe ana hawa? Da sanyin safiya ce ko da tsakar rana? Farat ɗaya ta fara, ko a hankali ƙarfin ya riƙa raguwa cikin watanni? A ina aka sha mai na ƙarshe? Matsalar da ta faro jim kaɗan bayan an ɗura man jarka daga 'yan bumburutu, ba a kan koyil ya kamata a fara neman ta ba.

Sai kuma a tabbatar cewa injin ne mai laifin. Idan aka taka totur a babbar giya, kukan inji ya tashi sama amma gudun mota bai ƙaru ba, har ana jin ƙaurin ƙuna, to inji yana ba da ƙarfinsa, kuloci ne ya cinye yake sulɓewa. Idan bayan 'yar tafiya aka kai hannu kusa da wili aka ji ɗaya ya fi sauran zafi ƙwarai, birki ne ke kamawa. Akwai kuma lodi. Akori-kurar da aka ƙera don ɗaukar kimanin tan ɗaya, aka jibga mata buhunan albasa har bayanta ya kusa taɓa ƙasa, aka kuma ɗora mutane a sama, ba ta da wata cuta da bakanike zai warkar.

Hanyar iska

Nan ya kamata a fara, domin nan ne mafi sauƙi, kuma a ƙasar Bakolori nan ne aka fi samun matsala. Injin da cikinsa ya kai lita 2, in yana juyawa sau 3,000 a minti ɗaya da totur a buɗe, yana zuƙar iska fiye da lita 2,000 a kowane minti. Duk wannan iska sai ta ratsa matacin iska, wanda makanikai ke kira iyakilina. Lokacin kwashe kayan lambu kuwa ya zo daidai da hunturu, sa'ad da iska ke kwaso ƙura tun daga ƙwarin Bodele na ƙasar Cadi ta baza a Afirka ta Yamma, ga kuma ƙurar hanyoyin burji da ke bin gefen magudanan ruwa. Matacin da zai yi watanni a cikin birni, a nan makonni kaɗan sun isa su toshe shi. Alamunsa su ne rashin ja, shan mai fiye da kima, da baƙin hayaƙi. Gwajinsa ba wuya: a cire shi a ɗaga wa rana; idan haske bai ratsa takardar ba, iska ma da ƙyar take ratsawa.

Abin takaici, wasu direbobi da suka lura mota ta sami ƙarfi bayan an cire mataci, sai su jefar da shi gaba ɗaya. Wannan gyaran gangar auzinawa ne. Ƙurar ƙasa cike take da ɓarɓashin yashi wanda ya fi ƙarfen silinda tauri, don haka kowace zuƙa tana goge bangon silinda da ringi kamar da samfefa. Kuɗin mataci da aka yi tattali, ninkinsa sau da yawa zai tafi wurin sauke inji.

Akwai kuma akasin haka, wato iskar da ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Tiyon roba da ya tsage saboda tsufa, ko gasket da ya mutu a gindin kafireta, yana barin iska ta shiga ba tare da ta ɗauki rabonta na mai ba. Irin wannan mota ba ta zama daidai in tana tsaye, kuma in an kasa kunne akan ji 'yar shewa kamar ta maciji.

Hanyar mai

Kafireta tana aiki ne da wata ƙa'ida da masanin Italiya Giovanni Venturi ya bayyana a 1797: idan iska ta bi ta maƙogwaro mai ƙunci, gudunta yana ƙaruwa, matsinta kuma yana raguwa. Wannan raguwar matsi ce ke tsotso fetur daga ƙoƙon kafireta ta cikin 'yan ƙananan ramukan da ake kira jet, daidai yadda tsohon famfon feshin maganin sauro ke tsotso magani daga gwangwaninsa.

To a nan ne sirrin shaƙewa yake. Idan direba ya taka totur farat ɗaya, ƙofar iska tana wangalewa nan take. Iska ba ta da nauyi, saboda haka tana afkawa ciki cikin ƙiftawar ido. Fetur kuwa ya fi iska nauyi kusan sau 600, don haka yakan ɗan makara kafin ya biyo baya. A cikin wannan ɗan taƙin, abin da ke isa silinda iska ce kusan zalla, sai inji ya ɗauke numfashi. Maƙera kafireta sun san da haka, shi ya sa suka sa wani ɗan ƙaramin famfo da aka haɗa da totur, wanda ke tsarto fetur kai-tsaye cikin maƙogwaron duk lokacin da aka taka. A cikin famfon akwai 'yar roba shimfiɗaɗɗiya kamar fatar ganga. Idan ta tsufa ta tsage, ko datti ya toshe bakin tsartuwar, motar za ta shaƙe daidai lokacin takawa, bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu kuma ta ware kamar ba abin da ya faru. Gwajin minti ɗaya ne. A kashe inji, a cire matacin iska, a leƙa maƙogwaron kafireta, wani ya taka totur. Idan an ga siririn mai ya tsarto da ƙarfi, famfon lafiyarsa lau. Idan ɗigo ne ko babu komai, an kama ɓarawo. Sai dai kada a kuskura a yi wannan leƙe inji yana aiki, domin wuta na iya dawowa ta maƙogwaron ta ƙone fuska.

Motar da ke amsa totur da kyau a fili amma ta mutu murus a tsakiyar dogon hawa, labarinta daban ne. Ƙoƙon kafireta tamkar randa ce: inji na ɗiba, famfon mai na zubawa. A tafiyar hankali, ko matacin mai ya toshe rabi, ɗan abin da ke wucewa ya isa. A kan hawa da lodi kuwa ɗiba ta fi zubi, randa ta ƙafe, mota ta tsaya. A ɗan huta ƙoƙon ya cika, ta tashi kamar da gaske, ta sake mutuwa gaba kaɗan. Matacin mai, ko famfon da ya gaji, ko tsatsar tsohon tanki, cikinsu za a sami mai laifi. Wani lokaci ma abin bai kai haka ba. Marfin tanki yana da ɗan ramin da iska ke shiga ta maye gurbin man da aka sha. Idan laka ta toshe shi, ko an maye marfin da leda da roba, famfo yakan kasa jawo mai, kamar mai zuƙar ruwa daga gorar roba da ba ta da wurin shan iska. Idan aka buɗe marfi aka ji iska ta zuƙu ciki, mota kuma ta warke, magana ta ƙare.

Ruwa cikin mai ma ba baƙon abu ba ne inda ake ajiye mai a jarka da duro. Ruwa ya fi fetur da gas nauyi, don haka yakan kwanta a gindin tanki, daidai inda bututu ke ɗiba. A tsiyayo kaɗan a farar kwalba a ajiye; cikin minti kaɗan ruwan zai ware ya kwanta a ƙasa, ana ganin iyakarsa ƙarara. Fetur da aka surka da kananzir kuwa yakan sa inji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani duk lokacin da aka matsa masa.

Daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, wata matsala takan ɓullo. Wani sashe na fetur yana tafasa tun bai kai zafin da ruwa ke tafasa ba, saboda haka bututun da ya ratsa kusa da salansa yana iya cika da tururin mai, famfo kuwa ruwa-ruwa ya iya turawa, bai iya tura tururi ba. Tsumma mai jiƙe da direbobi ke ɗorawa a kan famfo ba camfi ba ne, sanyaya tururin yake yi ya koma mai. Zafin yana kuma rage wa ko da lafiyayyar mota ƙarfi, domin iska mai digiri 42 ta fi mai digiri 20 sakwarkwacewa da kimanin kashi 7 cikin ɗari.

Hanyar wuta

Batir volt 12 kawai yake bayarwa. Koyil ne ke ɗaga shi zuwa dubbai, har ya kai wajen volt 20,000, distiributa kuma ta raba wa fulogai ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani gwaji da ake yi a kowane gareji: a cire fulogi, a jingina shi da jikin inji, a murza makulli, in ya yi tartsatsi a ce wuta lafiya. Wannan gwaji yana yaudara. Wani masani Bajamushe, Friedrich Paschen, ya nuna a 1889 cewa ƙarfin lantarkin da tartsatsi ke buƙata kafin ya tsallake tazara yana ƙaruwa ne gwargwadon matsin iskar da ke wurin da faɗin tazarar. A fili, volt dubu uku ko makamancin haka sun isa su tsallake bakin fulogi. A cikin silinda kuwa, inda aka matse iska sau takwas ko tara, abin da ake buƙata ya ninka haka sau da yawa, kuma ya fi tsanani daidai lokacin da aka buɗe totur silinda ta cika maƙil. Shi ya sa koyil mai rauni, ko fulogin da bakinsa ya cinye ya yi faɗi, ko wayar da ta tsage, duk suna iya wuce gwajin gareji, amma su gaza a kan hawa. Alamar wannan ita ce fizge-fizge da tari, ba lumshewa a hankali irin ta ƙarancin mai ba. Wayar da ke zubar da wuta, in aka buɗe marfin inji da dare, akan ga shuɗin tartsatsi yana tsalle a jikinta.

Fulogi da kansa shaida ne. Wanda bakinsa ya yi ruwan ƙasa-ƙasa yana nuna ƙonewa daidai. Baƙi mai kunkunniya busasshiya, mai ya yi yawa. Fari fat, mai ya yi kaɗan. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai ne ke haurowa.

Sai batun lokaci, wato taimin. In inji yana juyawa sau 3,000 a minti, kowane juyi yana ɗaukar kashi 1 cikin 50 na daƙiƙa. Wuta kuwa tana buƙatar ɗan lokaci kafin ta game silinda, don haka tilas a ƙyasta ta tun fistin bai kai ƙololuwa ba, kuma gwargwadon ƙaruwar gudun inji, gwargwadon yadda za a ƙara gaggauta ta. Wasu 'yan ƙarafa masu nauyi da ke cikin distiributa ne ke wannan aiki: juyi yana watsa su waje, su kuma su gabatar da wutar. In tsatsa da ƙura suka daskarar da su, mota takan zauna lafiya a tsaye, amma a kan hanya ta yi nauyi, inji ya riƙa zafi. Haka ma idan tazarar kwantak, wadda ba ta wuce kimanin milimita 0.4 ba, ta sauya saboda cinyewa, lokacin wuta ya goce ke nan.

Gingimari mai shan gas

Duk abin da aka faɗa game da kafireta da fulogi bai shafi 911 ba. Injinta mai silinda shida irin wanda Rudolf Diesel ya fito da shi ne a 1897, ba shi da fulogi sam. Iska zalla yake matsewa kusan sau 17, har zafinta ya wuce digiri 500, sa'an nan nozul ya fesa gas ya kama da kansa. Wanda ya taɓa riƙe gindin famfon keke bayan ya ba taya iska ya san matsi yana haifar da zafi.

A nan hayaƙi ne babban mai ba da labari. Baƙi yana nufin iska ta yi kaɗan ko nozul yana zubar da gas maimakon fesawa. Fari mai yaji a ido, gas ne bai ƙone ba. Shuɗi-shuɗi, baƙin mai ne ke ƙonewa. Idan kuma babu hayaƙi babu ƙarfi, gas ne ba ya isowa: mataci ya toshe, ko iska ta shiga bututu. Iska tana matsuwa, gas ba ya matsuwa, don haka kumfa kaɗan a cikin bututu sun isa su hana famfo tara ƙarfin buɗe nozul, sai an sassauta ƙusa an fitar da su. Matsin da nozul ke fesawa da shi ya kusa ninka matsin iskar sarari sau 200, yana huda fatar mutum, saboda haka ba a tara masa hannu. Al'adar kwance famfon injekta a ƙara wa mota mai don ta yi ƙarfi kuwa, in iska ba ta ƙaru ba, ƙarin hayaƙi da zafi kawai take sayowa.

Idan iska da mai da wuta duk sun fita zargi, saura abu biyu. Salansar da ta lotse a kan kunyar gona ko ta toshe daga ciki tana hana hayaƙi fita, injin da bai fitar ba kuwa ba ya iya zuƙa. Na ƙarshe shi ne matsi, kuma da gangan aka bar shi ƙarshe, don shi ne mai tsada. Ana cire fulogai, a ɗaura ma'aunin matsi a kowace silinda bi da bi, a murza inji, a rubuta abin da allura ta nuna. A lafiyayyen inji, bambancin da ke tsakanin silinda da silinda ba ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Idan ɗaya ta yi ƙasa, a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai a sake gwadawa. In allura ta tashi, man ya toshe giɓin da ke gefen fistin ke nan, wato ringi ne suka cinye. In ba ta motsa ba, iska ta sama take zurarewa, ta bawul ko ta gasket. Silinda biyu maƙwabtan juna da suka faɗi tare kuwa, galibi gasket ɗin da ke tsakaninsu ne ya ƙone.